Wata huɗu da dawowa daga Libiya: in zauna ko in koma?

Wani ƙanenmu daga wani gari kusa da Tahoua a Nijar ya aiko da tambaya. Ya yi shekara shida a Libiya yana aikin gini da shimfiɗa karo, ya dawo gab da faɗuwar damina da niyyar zama. Ya shigo da sefa miliyan biyu da rabi, yanzu saura kamar miliyan ɗaya, kuma bai ga abin da ya yi da sauran ba. Shi da maiɗakinsa kullum cikin saɓani, yaransa biyu suna ɗari-ɗari da shi, ɗakunan da ya riƙa aiko kuɗi a gina masa ya tarar ko rufi ba a yi musu ba. Abokansa na shirin tafiya bayan kaka. Ya bi su, ko kuwa akwai yadda mutum zai zauna gida ya ci abinci?

Ƙanena, sannu da hanya, Allah ya sa ka dawo a sa'a. Aikina da ƙungiyoyin manoma da asusun ajiya na ƙauyukan Adar, yankinmu na Tahoua, ya sa na zauna da masu dawowa daga bida da yawa, ƴan Libiya da ƴan Aljeriya da ƴan kurmi, kuma irin labarinka nake ji duk shekara idan gero ya fara nuna. Abin da zan fara gaya maka shi ne har yau ba ka gama dawowa ba. Jikinka na gida, amma gari na kallonka a matsayin baƙo mai hutu, kai ma kuma kashin kuɗin baƙo kake yi.

Yi lissafin da kanka. Miliyan ɗaya da rabi cikin wata huɗu, jika 375 ke nan kowane wata. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun farkon 2024 jika 42 ne. Wato duk wata kana cinye albashin ƙananan ma'aikata kusan tara, ko dala ba ta shigo ba. Ba sata aka yi maka ba, ba kuma sammu ba ne, ko da yake na san da wuya a rasa wanda ya riga ya raɗa maka haka.

Adar ta san tafiya tun ba yau ba. Kakanninmu sun taka da ƙafa har Kumasi neman kuɗin haraji zamanin Turawa, iyayenmu suka yi Kano da Legas da Abijan. An koro su daga Gana a 1969, daga Najeriya a 1983, rikicin Kodebuwa ya koro wasu a 2002, yaƙin Libiya na 2011 kuwa ya maido ƴan Nijar sama da dubu 200 cikin ƴan watanni. Duk da haka, tsarin da gari ya saba da shi na cin rani ne: a tafi bayan an ɗaure damman gero, a dawo kafin shuka, aljihu ya ƙare cikin damina, a sake ɗaukar jaka. A wannan tsarin, kuɗin ɗan cin rani don a kashe su aka kawo su. Ba wanda ke jin nauyin roƙonsa, tunda kowa ya san Nuwamba na zuwa zai koma ya samo wasu. Da wannan idon gwaggonka da abokan fadarka ke kallonka, kuma ba mugunta ba ce. Ba wanda ya sanar da su cewa wannan kuɗin shi ne na ƙarshe.

Ga kuma abin da masu dawowa ba su cika lura da shi ba. Shekara shida gidanku na da albashi, kai ne albashin. Duk wata ko wata biyu ana zuwa wurin ɗan kasuwar da kake biyo da saƙo ta hannunsa, ko kamfanin aika kuɗi na Nita ko Al Izza, a karɓo a sayi hatsi. Ran da ka sauka daga mota albashin ya tsaya, bakuna ba su ragu ba, sai ma ƙarin naka. Ma'aunin da ma'aikatar noma ke aiki da shi kilo 231 ne na hatsi ga mutum ɗaya a shekara. Gida mai mutum goma na cin buhu 23 masu kilo 100, kusan buhu biyu kowane wata, ban da mahaɗi da sabulu da magani. Kai kuma ka sauka daidai lokacin da rumbu ya yi ƙasa, tiyar gero ta fi tsada. Tsaraba da gaishe-gaishe sun ci nasu, amma tukunya ce ta ci mafi yawa, a hankali, ba ƙara.

Don haka aikin farko shi ne ka rufe baƙunci, kuma da baki ake rufe shi. Ka zauna da mahaifinka da mahaifiyarka, in da hali da kawu ɗaya wanda ake jin maganarsa, ka ce musu: "Na dawo ke nan, ba komawa nake ba a bana. Abin da ya rage jari ne, in ya ƙare ba mai aiko mana." Za ka ga yadda tsohuwa da kanta za ta fara tare maka masu zuwa. Sannan ka fitar da kuɗin daga ɗaki. Ka kai su banki ko asusun ajiya a Tahoua, inda sai ka hau mota kafin ka taɓa su. Kuɗin da ke ƙarƙashin katifa ba su iya jure sallamar mutum da magariba yana cewa ɗansa ba lafiya. In suna nesa, kalmar "ba ni da shi a hannu" ta zama gaskiya, ba ka yi ƙarya ba, ba ka kuma yanke zumunci ba. Ka ware wani abu sananne kowane wata don suna da biki da gaisuwar mutuwa, in ya ƙare ya ƙare. Wanda ya zo da kukan yunwa ka auna masa tiya biyu, ya fi ka ba shi jika. Bashin da dangi suka karɓa kuwa, ka rubuta shi a zuciyarka a matsayin kyauta, in ya dawo ka gode wa Allah. Haƙƙin iyaye daban ne, ba ya cikin wannan lissafin.

A fada ma haka. Wanda ya dawo daga waje shi ke sayen shayi da sukari da gawayi, wata huɗu kuwa sun isa. Ranar da aka gan ka da siminti a hannu kana dawowa daga aiki, kallon da ake maka zai canza fiye da duk bayanin da za ka yi.

Sa'arka ɗaya, tambayar ta zo gab da kaka. Cikin Oktoba da Nuwamba gero ya fi araha, daga bazara zuwa tsakiyar damina ya fi tsada, kusan duk shekara haka yake sai dai bambancin yawa. Ka jira a ɗaure naku damman, ka ƙiyasta wata nawa za su kai ku, gibin da ya rage ka cike shi yanzu a kasuwar Badagishiri ko wadda ta fi kusa da ku. Wannan ita ce sayayyar da ba na shakka a kanta ko kaɗan. Mutumin da abincin gidansa ke ajiye har sabon gero yana iya cewa a'a ga aikin banza da farashin banza, wanda kuwa ake jira ya kawo awon yau ba ya iyawa. In a garinku akwai ƙungiyar da ke ajiye hatsi a sito a karɓi bashi a kansa, a fanshe shi idan farashi ya tashi, ka shiga. Tsarin ya daɗe a Nijar, manoma sun san shi.

Yanzu maganar ɗakunan da ba a rufe ba, wadda na san ita ta fi ci maka rai. Ba ka faɗi wanda ka riƙa aiko wa ba, amma galibi wa ne ko ƙane. Kada ka yi wannan maganar a tsakar gida inda mata da yara ke ji, kada kuma ka yi ta a fada. Ka ɗauki wayarka, saƙonnin murya da hotunan rasit suna ciki, ka rubuta abin da ka aiko da watan da ka aiko shi. Ku zauna da shi da kawunku bayan la'asar, ka karanta, shi kuma ya faɗi inda kowanne ya shiga. Abin da na saba gani a irin wannan zaman shi ne kuɗin sun kasu uku. Wani kaso ya shiga ginin da gaske. Wani ya tafi a abin da kai ma da kana nan sai ka kashe: jinyar tsoho, daminar 2021 da ba ta yi kyau ba, ambaliyar 2024 da ta rusa ɗakuna, gadon ƙanwa da za a kai ɗaki. Ba a gaya maka ba ne don ana tsoron ka daina aikowa, ko don kada hankalinka ya tashi a ƙasar mutane. Kaso na uku kuma an ci, wannan ba makawa. In an zo kansa za ka ga mutum ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da tsinke. Kada ka matsa sai ya furta. Ka san adadin, kawu ya ji, shi ma ya san ka sani. In akwai abin da zai iya mayarwa, akuya ko aikin ƙarfi a ginin, a tsayar a gaban kawu. In babu, ka bar shi, amma kada ka sake danƙa masa kuɗi. Kai shi gaban alƙali ba zai maido maka rabin abin da za ka kashe ba, kuma gona ɗaya za ku gada.

Ginin kansa, ka rufe ɗaki ɗaya da kwano, ka sa ƙofa da taga, ka tsaya nan. Kai magini ne, kuɗin aiki na hannunka, sauran ka riƙa yi da kaɗan-kaɗan daga abin da kake samu. Na ga gidaje da yawa a Adar masu karo har bango da ƙofar ƙarfe mai fenti, mai gidan kuwa ya koma Libiya saboda ba abin da za a dafa a ciki. In akwai abin da ya cancanci ka taɓa jari dominsa bayan hatsi, to gonar gidanku ce da aka ba da jingina a wata shekarar yunwa. Ka tambaya, sau da yawa akwai, ba a dai faɗa. In ka fanso ta, kada ka tsaya ga shaidar baki. Tun dokar tsarin karkara ta 1993 aka kafa kwamitocin filaye da gonaki, akwai na gari wanda maigari ke shugabanta, akwai na kwamin, suna ba da takardar saye da ta jingina da ta aro. Haka in fili za ka saya cikin Tahoua, sai ka je ma'aikatar magajin gari ka tabbatar da takardarsa kafin ka ba da ko dala, don ana sayar da fili ɗaya ga mutum biyu, kuma ƴan bida ake fi yi wa.

Sai maiɗakinka. Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Shekara shida ita ce ke yanke shawarar ko a kai yaro likita cikin dare, ita ke lallashin mai shago, ita ke zama da surukai ba mai kare ta. Ta koyi riƙe gida ba da kai ba, don dole. Kai kuma ka dawo da hoton yarinyar da ka bari, kana tambayar ina za ki, wa ya ce ki saya, ina canjin. Ita tana jin an zo an ƙwace mata ragamar da ta riƙe da wahala ba ko sannu, kai kana jin an mayar da kai ba kowa ba a gidanka. Ku duka kuna da gaskiya, amma kai ne ya kamata ka fara sassautawa, domin ita ta san farashin yau, kai na shekara shida da suka wuce ka sani. Ka tambaye ta nawa gidan ke ci a mako, ka ba ta a dunƙule ran kasuwa, ka daina bin kowace dala. Awakinta da adashenta da abin da take samu a gamanarta nata ne, shari'a ma haka ta ce, kada ka sa su cikin lissafin jarinka. In tana cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara, irin asusun da aka fara a Maraɗi a 1991 ya bazu ƙasar nan, kada ka hana ta zuwa taro. Watakila wannan akwatin ne ya ciyar da yaranka a watannin da saƙonka ya makara.

Za a kawo maka gulma a kanta, in ba a riga an kawo ba. Duk matar ɗan bida ana yi mata. Wanda ya zo da magana ka tambaye shi ko zai maimaita a gabanta da gaban waliyyinta, za ka ga yadda zancen ke mutuwa. Za a kuma fara nuna maka ƴan mata. Ƙarin aure halal ne, amma da miliyan ɗayan nan, sadaki da lefe da walima za su tafi da ita cikin mako biyu, a bar ka da gida biyu ba sana'a. Ka bari sai sana'arka ta ciyar da gida ɗaya shekara guda cur.

Yara kuwa ba su da laifi. Ƙaraminsu a waya ya san muryarka. Kada ka tilasta musu, kada ka fara da bulala don a san uba ya dawo. Ga Oktoba ta zo, ka riƙe hannunsu ka kai su lekol da kanka, ka gaisa da malaminsu, ka duba ko suna da takardar haihuwa. In ba a yi musu a kan lokaci ba, sai an bi ta wurin alƙali, gara ka yi yanzu da kake nan da a tashi nema ran jarrabawa.

Kada ka manta da jikinka. Wanda ya daɗe a ƙasar da ba zazzaɓin cizon sauro, ƙarfin da jikinsa ya saba da shi na raguwa, ga shi yanzu ne tsakiyar lokacinsa. Ka kwana cikin gidan sauro, in zazzaɓi ya kama ka ka je a gwada jini a ranar, kada ka tsaya ga ƙwayoyin ƴan tebur. Tarin da ya wuce mako biyu a je a duba majina, maganin tarin fuka kyauta ne, wata shida ake sha. In kuma kana cikin waɗanda suka ga abin da ba ya faɗuwa, kurkuku ko gidan bashi inda ake tsare mutum sai an biya, ko gawa a hanya, kana firgita cikin barci, ƙaramin abu na sa ka fushi, to wani ɓangare na faɗan gidanka daga nan yake. Ka samu wanda ya bi hanyar ku yi magana, ka kuma gaya wa likita. In ka saba da tramol don ƙarfin aiki, shi ma ka faɗa masa, ba a barinsa da ƙarfin hali kawai.

To me za a ci? Sana'ar da ke hannunka ta fi kuɗin da ke asusunka daraja, kuma ita ce ba ka ambata a matsayin mafita ba. Na san dalili. Kuɗin yini a nan bai kai na can ba, sannan akwai kunya. A Sabha ko Tarabulus ka ɗauki bulo a ka ba ka damu ba tunda ba wanda ya san ɗan wane ne kai, a nan kuwa kana jin za a ce wane ya dawo daga Libiya ga shi yana kwaɓa siminti. Za a faɗa, na mako biyu. Amma ka yi lissafin da kyau: a can kana biyan haya da abinci da kuɗin aikawa, da abin da ake ƙwacewa a shingaye, da watannin da mai aiki ya hana ka haƙƙinka ba inda za ka kai ƙara. In ka cire waɗannan, tazarar ba ta kai yadda ake faɗa a fada ba.

Tahoua gari ne da ake gini. Tun shirin Tahoua Sakola na bikin 18 ga Disamba 2017 garin ya buɗe, ga jami'a, ga simintin Malbaza kusa, ga Adarawan Abijan da Lome da Yamai da ke gina gidaje a gida. Da ruwa ya ɗauke aiki zai tashi. Masu ɗora bulo suna da yawa, amma mai shimfiɗa karo ya fito daidai, layi ya miƙe, ruwan wanka ya gangara inda ya kamata, ba shi da yawa. Ka sayi kayan aikinka na kanka, injin yankan karo da ma'aunin ruwa da sauransu, wannan kashin kuɗi ne mai dawowa. Ka je wurin masu sayar da karo da siminti ka gabatar da kanka, ka nuna musu hotunan aikin da ka yi a can, domin su masu gida ke tambaya wa zai yi musu aiki. Aikin farko ka yi shi da sauƙin farashi a gidan da mutane ke shiga. Ka yi ciniki a kan mita, ka karɓi wani abu kafin ka fara, sauran kashi-kashi, a rubuce. Ka kuma leƙa ofishin ANPE, hukumar samar da aikin yi, da na FAFPA, asusun koyar da sana'a, na jiha, wani lokaci ana neman ƙwararrun da za a ba yara su koya musu sana'a.

Akwai wata kasuwar da kai ka fi kowa saninta, tunda ta cije ka. Duk abokanka da za su tafi bayan kaka, da waɗanda ka baro a can, suna da damuwa ɗaya: wa zai gina musu ba a cinye kuɗin ba? Mutumin da ya san gini, ya san zafin kuɗin bida, zai turo hoton kowane buhun siminti da rasit ta WhatsApp, ya nuna bango yana tashi mako-mako, irinsa ake nema ido rufe. Gida ɗaya in ka riƙe amana a kansa, labarin zai riga ka isa Libiya. Sharaɗin kawai kada ka haɗa kuɗin mutane da naka ko na kwana ɗaya.

Abubuwan da za a ba ka shawara ka yi, na san su. Shago a unguwarku: dangi za su cinye shi da bashi, ba ka iya hana gwaggo sukari. Babur ka ba yaro ya yi kabu-kabu: shi ke karɓar kuɗi, kai ke gyara. Albasa kuwa sana'a ce ta gaske, albasar Galmi har Gana da Kodebuwa ake kai ta, kwarin Magiya da Tarka da Keita na ciyar da dubban gidaje da ita. Amma tana son injin ban ruwa da mai da taki da ƴan ƙwadago tun daga reno cikin Oktoba har cira cikin Maris da Afrilu, lokacin da kowa ke cira farashi ya faɗi. Ribar tana wurin wanda ya iya ajiye ta a rudu wata da watanni ba ta ruɓe ba, ga kuma rufe iyakar Benin a 2023 da ya dagula hanyoyin fitar da kaya. In tana ranka, bana ka shiga da wani ɗan uwa da ya daɗe a ciki, ƴan fangali kaɗan, ka koya da kuɗin da in sun tafi ba za ka yi kuka ba. Rago biyu ko uku na turka don layya, da harawar gonarku, wannan ba laifi, kuma maiɗakinka ta fi ka sanin yadda ake yi.

Komawa fa? Ba zan ce maka haramun ba ce, gidaje nawa ne a Adar bida ta rufa wa asiri. Abin da nake ƙi shi ne tafiyar kunya, wadda mutum ke yi don kada a ga aljihunsa ya bushe. Mai irin wannan tafiyar bayan shekara uku zai dawo ya tarar da abin da ya gudu ya bari. Ka kuma san halin da hanya ke ciki. An soke dokar 2015 da ta hana jigilar baƙin haure a watan Nuwamba 2023, motoci na tashi daga Agadas a fili, amma hamadar Dirku zuwa Gatrun ba ta san an soke doka ba, masu kama mutane don kuɗin fansa kuma suna nan. Aljeriya na ci gaba da kwaso mutane tana zubarwa a iyaka, su taka kilomita 15 zuwa Asamaka, da yawa ba tare da kuɗin aikinsu ko wayarsu ba. Ta kudu, Nijar ta fita daga CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka, a Janairun 2025, ko da yake sefarmu ɗaya da ta Abijan da Lome, don haka a bincika takardun da ake nema kafin a hau mota. Zinariyar Jado da Cibarkaten da ta ja samari tun 2014, ana jin labarin wanda ya samu, waɗanda suka dawo da tari da bashi ba a ba da nasu.

Shawarata ka ba gida rani ɗaya cikakke, daga wannan kakar zuwa faɗuwar ruwa, kana aikin hannunka, hatsi na ajiye, kana rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita kowane mako. Libiya ba za ta gudu ba. In damina ta zo lissafi ya nuna sana'ar na ɗaukar cefane da magani ba ka taɓa jari ba, ka samu amsarka. In bai nuna ba, ka yi noma, ka tafi bayan kaka mai zuwa da adadin da kake nema da watan dawowa, kowa ya ji su daga bakinka. Kada ka sayar da gona ko ka ci bashi don kuɗin mota. Saƙon cefane ya riƙa zuwa hannun maiɗakinka kai tsaye, na iyaye daban, na ajiya kuma ya shiga asusun da ke da sunanka kai kaɗai.